Ciyawar Rijiya a Cikin Akwatin Gilashi

Duk wanda ya taɓa durƙusawa a bakin tsohuwar rijiya a Birnin Tsaba cikin watan Agusta, ya leƙa, ya daure har idonsa ya saba da duhu, ya san ciyawar da nake nufi. Tana nan kamar gaba ɗaya ƙasa da baki, daidai inda guga ke dukan bango ruwa ya fantsama. Karanta baƙi ne siriri mai sheƙi kamar izgar doki, ganyenta ƙanana jere-jere, kowanne kamar ɗan mafici. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, akuya ba ta isa inda take. Masu yasar rijiya su kankare ta da rani su watsar, damina na kankama sai ga ta ta dawo wurin nan dai da aka cire ta.

A gidanmu ciyawar rijiya muke ce mata. Larabawa ma a nan suka tsaya, kuzbaratul bi'ri suke kiran danginta, sun kamanta ganyenta da wani ganyen miya nasu sannan suka jingina ta ga rijiya. Turawa suna da kalma ɗaya, fern, da ta haɗa dukan wannan zuri'a ta tsirrai marasa fure, wadda ta haura iri 10,000 a duniya. Likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, da ya yi aiki a Arewa ya kuma buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya kawo biyu daga cikinsu: mashin zomo, da agugu, saiwar da ake sha don tsutsar ciki. Wato kakanninmu sun raɗa suna ga wadda ta yi musu amfani, sauran kuwa suka bar su a haki.

Wayar hannu ce ta mayar da ni kan wannan ciyawa bayan na girma. Akwai wasu bidiyoyi da ke yawo a YouTube da TikTok na akwatin gilashi cike da ruwa garai-garai, an jera duwatsu da kututture a ciki, tsirrai sun rufe su shar, ƙananan kifaye na ratsawa kamar tsuntsaye a kurmi. Wanda ya ɗaga wannan sana'a ta zama fanni mai zaman kansa shi ne Takashi Amano, mutumin Nigata ta ƙasar Japan, an haife shi a 1954. Ɗan tseren keke ne da farko, kuma mai ɗaukar hoton dazuzzuka. Kamfaninsa, Aqua Design Amano, ya fara gasar tsara irin waɗannan akwatuna ta duniya a 2001. Aikinsa na ƙarshe ya yi shi ne a gidan kallon kifaye na Lisbon a Fotugal, an buɗe shi a 2015, shekarar da ya mutu. Tsawonsa mita 40, ruwan ciki lita 160,000. A lissafin 'yan ga-ruwa, jarka 6,400 ke nan.

Ni da jarka ɗaya na fara. Na sa mai yanka gilashin taga ya haɗa mini ɗan akwati, na zuba yashin gulbi, na ciro ciyawar rijiya da saiwarta, na ɗaure ta jikin dutse da zare, na nutsar. Ranar farko abin ya burge ni ƙwarai. Ganyen ya koma fari fat kamar an shafa masa azurfa, saboda iska ta maƙale a jikinsa ta hana ruwa taɓa shi. Daga baya na gane sunan da masana suka ba wannan dangi, Adiyantum, da Girkanci ma'anarsa wanda ba ya jiƙa. Da na san haka tun farko da na sha jinin jikina. Kafin kwana goma azurfar ta tafi, ganyen ya yi baƙi ya saɓule, ruwa ya fara wari, kifayen suka taru a sama suna haki. Na zargi ruwan, na canja. Na zargi yashin, na wanke. Sau uku ina kashe ta.

A karo na uku kawuna ya same ni a kai. Tsoho ne da ya yi shekaru yana shiga rijiya. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai ɗana, mi kaka yi da wanga haki?" Na yi masa bayani, har da nuna masa bidiyo. Ya girgiza kai. "Ka taɓa ganinai nutse? Shi hwa kusa ga ruwa shika zama, amma kainai waje."

Abin da na kasa ganewa cikin wata biyu ke nan. Ganyen tsiron tudu yana shaƙar iska ta wasu ƙananan ƙofofi da ke bayansa, kuma yana da wani maiƙo-maiƙo da ke hana shi bushewa. Idan aka nutsar da shi, ƙofofin sun toshe, maiƙon kuma ya hana shi tsotsar abin da ke cikin ruwa. Iskar da tsiro ke haɗa abincinsa da ita tana tafiya a ruwa a hankali ƙwarai, sau 10,000 ƙasa da yadda take tafiya a sarari. Tsirran da aka halitta don zaman ruwa ganyensu shara-shara ne, suna sha ta ko'ina a jikinsu. Ciyawar rijiya ba ta cikin waɗannan. Yunwa da shaƙewa ke kashe ta, ruɓarta kuma ta cinye iskar da kifi ke numfashi da ita.

To me ya kai ta rijiya tun farko? Amsar tana bayan ganyenta. Ɗaga wanda ya ƙosa ka duba gefensa, za ka ga ya ɗan naɗe, da wani abu ruwan ƙasa a ƙarƙashi. Nan ƙurar irinta take, gari ne da ya fi na gero laushi nesa ba kusa ba, iska ke kwasa ta watsa ko'ina, a kan soro, a kan hanya, a gona. Wanda ya faɗa inda akwai laima da inuwa shi ke tsira, kuma abin da ke fitowa bai yi kama da uwar ba sam. Wani ɗan koren abu ne mai siffar zuciya, bai kai farcen jariri ba, manne da bango. A jikinsa maniyyin tsiron ke fitowa, kuma sai ya yi iyo a cikin 'yar laimar ruwa kafin ya isa ga ƙwai. In babu wannan laima, babu haihuwa. A ƙasa irin tamu, inda ruwan sama ke taƙaita tsakanin Yuni da Satumba sannan a yi wata bakwai ko takwas ba ɗigo, wurin da ya cika wannan sharaɗi duk shekara kaɗan ne: bangon rijiya, gindin randa, ƙarƙashin indararo, bayan tankin masallaci mai yoyo, bangon kwalbati.

Rijiya dai ita ce akwatin. Ruwa a ƙasa, bango mai gumi, haske daga sama wanda ba ya ƙuna, iska mai laima da ba ta kaɗawa. Wanda zai shigo da ciyawar ɗaki, rijiya zai gina ƙarama wadda ake iya gani ta gefe.

Turawa da tsautsayi suka gano wannan. A 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, wanda hayaƙin gawayin birnin ya hana shi raya irin waɗannan tsirrai a lambunsa, ya rufe wani ƙwaro a kwalba da 'yar ƙasa mai laima don ya ga ƙyanƙyasarsa. Sai ga ciyawar da ta gagare shi a waje ta tsiro a cikin kwalbar, ta rayu shekaru ba a ba ta ruwa ba, domin gumin da ya hau gilashi shi ke gangarowa ya koma ƙasa. A 1833 ya tura akwatuna biyu na gilashi cike da tsirrai har Sidni ta Ostareliya a jirgin ruwa, suka isa da rai. Da irin akwatinsa aka kwashi shayi daga Sin zuwa Indiya, aka yi ta safarar itacen roba da na kwinin daga nahiya zuwa nahiya. A Ingila kuwa son wannan ciyawa ya zama kamar hauka, har aka ƙarar da wasu irinta a wasu duwatsu don yawan tuga.

Akwai abin da ya fi ba ni haushi da dariya a lokaci ɗaya. Yawancin tsirran da na gani a bidiyon nan ina zaton na Japan ne, wasunsu daga gefenmu aka ɗauka. Akwai wata mai duhun kore da ake ɗaurewa a kan kututture, Bolbitis heudelotii, dangin ciyawar rijiya ce amma ita tana zama cikin ruwa mai gudu. An sa mata sunan Heudelot, Bafaranshen da ya tattara tsirrai a Senegal da Gini a shekarun 1830. Akwai kuma Anubias barteri, mai faɗin ganye, wadda da wuya ka shiga shagon kifin ado a Turai ko Amurka ka rasa ta. Ita ba dangin ba ce, tana fure. Sunan Charles Barter take ɗauke da shi, masanin tsirran da ya biyo tawagar wani Bature, Baikie, ta kogin Kwara a 1857, jirginsu ya fashe kusa da Jebba, shi kuma ya mutu a Rabba ta ƙasar Nufe a 1859. Waɗannan na kurmi ne, suna son sanyi da ruwa mai motsi, zafinmu zai wahalar da su.

Namu na fadama su suka fi dacewa da ƙasan akwatin, kuma kyauta ne. Fadamun da ke bin gulbin Gagare da na Bunsuru, daga Kaura Namoda da Zurmi har zuwa gonakin shinkafa na Shinkafi, irin wuraren da za a neme su ke nan. Akwai wadda ganyenta huɗu ne a kan kara ɗaya, tana shimfiɗa a kan taɓon bakin tafki, masana na ce mata Marsiliya. Idan tafki ya ƙafe sai ta bar wasu 'yan ƙwayoyi masu tauri a cikin busasshen laka, suna iya jiran ruwa shekaru da dama. A cikin akwati takan rarrafa ta rufe yashi kamar darduma. Akwai Seratoteris, mai laushin ganye yaga-yaga kamar na karas, wadda ke haifar 'ya'yanta a kan ganyenta, su girma su ɓalle su yi ta yawo a saman ruwa. Sai Azola, 'yar mitsitsiya da ke rufe fuskar tafki kore ko ja-ja. Tana ɗauke da wata halitta a cikin ganyenta mai kamo sinadarin taki daga iska, shi ya sa manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka yi ƙarnoni suna renonta a gonakinsu. A akwati sai an riƙa kwashe ta, don cikin 'yan kwanaki take ninkawa ta tare haske. Haka ma kainuwa, kowa ya san ba a dasa ta, kuma ba ta jin bari.

Gini na huɗu, wanda ya tsaya, ga yadda na yi shi. Akwatin tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 36, gilashi mai kaurin milimita 6. An manne shi da silikon, amma ba irin na banɗaki mai maganin fumfuna ba, wannan guba ne ga kifi. Cikinsa zai ɗauki lita 65, ni kuwa kashi ɗaya cikin uku na cika. A ƙasa na sa ɗan garin marmara, saboda tsirrai na son ƙarfen da ke cikinta, na rufe da yashi wankakke. Bangon baya shi ne aikin. Tsingaron tsohuwar randa na jera a tsaye, gindinsu a ruwa, kansu a waje, na tokare su da duwatsu. Yumɓun da aka gasa ba a shafe shi ba yana jan ruwa sama da kansa, yana gumi yadda randa ke yi a zaure. A tsakanin tsingaro biyu, yatsa uku sama da ruwa, na cusa saiwar ciyawar tare da gansakukar da na kankaro da ita, na ɗaure da baƙin zare. Ba a binne wannan saiwa, a kwance take tafiya a fili, in an danne ta sai ta ruɓe.

Abu biyu na koya da asara. Na farko, kada a kawo ɓaraguzan bangon da aka ciro ciyawar daga jikinsa a jefa a ruwa. Ita tana son ɗan farar ƙasa a gindinta, amma siminti in ya jiƙu yana canja ruwan ya cutar da kifi. Duk dutsen da kake shakka, matsa masa lemun tsami. In ya yi kumfa ajiye shi, in ya yi shiru kamar irin dutsen Kwatarkwashi, ya yi. Na biyu ice ne. Kututturen da zai shiga sai busasshe sarai, a jiƙa shi makonni ana zubar da ruwan har ya nutse da kansa. A guji tumfafiya da tinya da duk mai farin ƙaro, a kuma guji aduwa, don ɓawonta da 'ya'yanta suna kashe kifi.

Sai maganar lafiyar mai akwatin kansa, wadda bidiyon Japan ba zai gaya maka ba. Tsiron da aka ɗebo daga tafki yana zuwa da ƙananan katantanwa, kuma wasunsu su ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, ciwon da ke sa yaranmu fitsarin jini. Ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. A sa leda a hannu, a ajiye tsiron a bokiti daban mako biyu ko uku, ana tsince katantanwa da ƙwansu mai kama da majina a bayan ganye. A kuma nisanci bakin gonar da aka yi wa feshi. Kifi ba ya shiga sai akwatin ya yi wata guda da tsirrai kaɗai, lokacin ne ƙwayoyin da ke narkar da kashinsa suke samun zama a yashi da jikin tsingaro.

Kifin ma a yi hankali. Ɗan tarwaɗa da ɗan karfasa suna da kyau suna ƙanana, amma ɗaya zai tone yashin, ɗaya ya cinye shukar, kuma dukansu za su fi ƙarfin gidan kafin damina ta zagayo. Ƙanana ake so, biyar ko shida, waɗanda za su cinye 'ya'yan sauro, don akwatin da babu kifi gidan sauro ne ka gina a ɗakin kwananka. Muna ma da namu na ado da ba mu san darajarsu ba. A 1928 aka rubuta wani ɗan kifi mai launi daga kogin Kiyawa kusa da Katagum, har sunan kogin yake ɗauke da shi, kiyawensis. Damina ɗaya yake rayuwa, ya bar ƙwansa a cikin laka ya bushe har ruwa ya dawo. Masu kiwon kifi a Jamus da Holan suna aika wa juna ƙwan irin wannan kifi ta gidan waya a cikin 'yar leda.

Abokan gaba na gaskiya su ne hunturu da bazara. Iskar Disamba da Janairu tana iya mayar da ganyen ciyawar rijiya kamar soyayyen zogale cikin wuni ɗaya. Sai an rufe akwatin da gilashi, a bar 'yar kafa kamar faɗin yatsa, a fesa ruwa safe da yamma. Ruwan sama da aka tara ya fi, na famfo kuwa a bar shi ya kwana a buɗe. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, matsalar ta juye: murfin da ya cece ta da hunturu shi zai dafa ta. Kifi ya fi son ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 24 da 28. Ni buhun algarara nake jiƙawa in lulluɓe ɓangare uku na akwatin, in ajiye shi a ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi. Hikimar dai ita ce ta Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, wanda tukunyarsa a cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ta ci kyautar Rolex a 2000. Rana kada ta taɓa gilashin kai tsaye. Ƙwan sola ɗaya, awa shida zuwa takwas, ya isa. In aka wuce haka ruwan zai koma kore kamar miyar kuka.

Akwai wata 'yar uwarta da nake so ƙwarai na kuma haƙura da ita. A tsagar duwatsu take fitowa, ganyenta kamar na giginya amma bai fi kwabo ba. Da rani ta dunƙule ta yi toka-toka kamar ta mutu, ruwan farko ya sauka ta buɗe. Laimar akwati kashe ta take yi. Ko da ma za ta rayu, wa zai je ɗebo ta? Duwatsu da dazuzzukan Zurmi, inda muka yi farautar gafiya muna yara, yau saboda rashin tsaro mutum ba ya shigarsu don itacen girki balle don haki. Garuruwa da yawa sun watse, rijiyoyinsu na can ba mai ja, watakila ciyawar ta rufe bangonsu fiye da kowane lokaci. A garin da ake zaune kuma burtsatse da rijiyar kwalbati mai murfin ƙarfe suna maye gurbin tsohuwar rijiya. Ban ce a koma baya ba, yaro ba ya faɗawa burtsatse. Sai dai ciyawar ba ta da wurin kamawa a jikin bututu.

Shi ya sa na daina tuge ta gaba ɗaya. Ganye guda nake tsinka, wanda gefensa ya yi ruwan ƙasa, in kwantar da shi a kan farar takarda, in kifa masa kwano ya kwana. Da safe in ɗaga, sai ga siffar ganyen an zana ta da ƙura. In ɗauki guntun jan bulo in kwarara masa tafasasshen ruwa don kashe fumfuna, ya huce, in sa shi a robar abinci mai murfi da ɗan ruwa a ƙasa, in karkaɗe ƙurar a kai, in rufe, in ajiye a gefen taga. Mako uku ko huɗu ba ka ganin komai. Sannan bulon ya fara yin kore kamar an shafa masa fenti. Bayan wata biyu 'yan zukatan nan su bayyana, a nan ake yayyafa musu ruwa kaɗan don a ba maniyyin hanya. Ganye na farko na gaskiya bai fito mini ba sai a wata na huɗu, a naɗe kamar wutsiyar kunama, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Da kawu ya zo Kaura Namoda ganin likita bayan Sallah babba, ya kwana wurina. Da asuba bayan mun dawo masallaci na kunna ƙwan akwatin. Ciyawar ta sauko daga bangon tsingaro, bakin ganyenta na ƙarshe yana lilo yatsa ɗaya sama da ruwa, kifi na wucewa ta ƙarƙashinsa. Ya durƙusa da ƙyar, ya kai fuskarsa kusa da gilashin, ya ɗaga murfin ya shinshina. Ya daɗe a haka. Sannan ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ce, "To, saura guga."